Ƙofar Ɗakin Umma

"Na ce ki bar ta haka, Auta. Ƙofar nan ba ta ci miki komai ba."

"Ta ci mini mana, Baba. Tun safe nake rufe ta tana buɗewa, kamar mai yi mini gwalo."

"Iska take sha. Ke ba kya shan iska?"

Auta ta yi dariya, amma ba ta ajiye sukundirebar da ke hannunta ba. Ita ce ƙaramar 'yar gidan, sunanta na yanka ya ɓata tun tana goye, har abokan aikinta a shagon littattafai Auta suke ce mata. Yau ba ta je shagon ba. Jiya da yamma Yaya, babban wansu, ya kira ta a waya ya ce zai zo ya ga tsofaffin da idonsa.

"In na tarar gidan ya fi ƙarfinsu, da Umma zan koma," in ji shi. "Ɗakinta na nan a gyare. Baba kuwa tunda ya rantse ba mai raba shi da gidansa, sai ya zauna da agogunansa."

Yaya ba ya magana biyu. Shi ya sa Auta ta baro ɗan ɗakinta na saman bene a can ƙarshen gari, ɗakin da take ji da shi kamar ranta, mai taga ɗaya da ke kallon rufin gidaje, inda take karanta labaran soyayya har shayinta ya huce. Tun da sassafe ta iso gida ta ɗaura ɗamara. Ta share, ta goge, ta wanke labule, ta sauya wa kujerun falo wuri don ɗakin ya ƙara faɗi. Ba ta so Yaya ya sami ko yanar gizo-gizo da zai kafa hujja da ita. A duk littattafan da ta karanta ba ta taɓa gamuwa da masoya irin waɗannan biyun ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran agogo, sai ka ji ya juya ya ce wa matarsa, "Gimbiya, ƙarfe nawa?" Shi ke juya mata shayi. Shi ke ɗaura mata ɗankwali, a karkace, ita kuma ta bar shi a haka. Raba su? Auta ta ji kamar a ce za a raba wata da dare.

Abu ɗaya ya rage, ƙofar ɗakin Umma. Ko ka ja ta ka rufe, ba ta kamawa. Sai ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta buɗe kanta a hankali zuwa falo.

"Ka san halin Yaya," in ji Auta. "Da ƙofa zai fara. Zai ce gidan mai gyaran agogo ne ƙofa ta gagara, to me ya rage?"

"Ki ce masa ni na ba ta hutu. Ta yi aiki ta gaji."

Daga cikin ɗakin muryar Umma ta fito, da barci a cikinta. "Mai agogo, ka tafi askin nan ko sai ɗanka ya zo ya tarar da kai kamar tsohon buroshi?"

"Kin ji ko? Tsohon buroshi. Da bakin nan aka yaudare ni." Baba ya shafa bango ya ɗauki hularsa daga ƙusar da take rataye. A bakin ƙofar falo ya juyo. "Auta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki bar ta."

Ta ce to, irin to ɗin da 'yan auta ke faɗa. Tana jin takunsa ya yi nisa zuwa shagon mai aski da ke bakin layi, ta jawo tsohon akwatin kayan aikinsa ta durƙusa a gaban ƙofar.

Ƙamshin akwatin ne ya fara ɗauke ta, ƙamshin mai da tagulla da tsohuwar fata. Nan take ta koma yarinya a kan doguwar kujerar shagon Baba, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, agoguna sun kewaye ta kowanne da irin bugun zuciyarsa. A lokacin ta yi imani cewa da dare, in an rufe shago, agogunan hira suke yi, manya na bango suna ba ƙanana na hannu labarin mutanen da suka makara. A kan kujerar nan Baba ya koya mata darasin da ba ta manta ba: kada ki kwance abu sai kin saurare shi, abin da ya lalace shi zai gaya miki ciwonsa.

Ta saurara. Ta danna mariƙin ƙofar ƙasa, ta ji shi da nauyi, sai da ta sa ƙarfi. Ta sake shi, ya koma sama da zafinsa. To ba mariƙin ne ya mutu ba. Ta duba ramin da ke jikin firem, inda harshen ƙofar ya kamata ya faɗa, ta ga yana nan daidai, bai goce ba, ƙura ce kawai ta taru a ciki. Sai ta leƙa gefen ƙofar. Harshen ƙarfen ya shige ciki ya lafe, kamar kunkuru ya ja wuya. Ko ta danna mariƙi ko ta saki, ba ya leƙowa.

"Kai ne mai laifin," ta ce masa ƙasa-ƙasa, don kada ta ta da Umma.

Ta kwance notocin da suka riƙe mariƙin waje, ta jera su a murfin gwangwani yadda Baba ke yi. Ta cire na ciki. Ta zare ɗan sandan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ya ratsa ƙofar ya haɗa mariƙan biyu, ta jujjuya shi a haske, bai lanƙwashe ba, bai cinye ba. Ta kwance notoci biyu na gefen ƙofar, ta zaro gidan harshen gaba ɗaya, ɗan bututun ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba. Rana ta ratso sabon wankakken labule ta zuba a cinyarta. A cikin wannan hasken ta gan shi, wani ɗan baƙin abu an cusa a gefen harshen ya danne shi. Ta sa hantsaki ta jawo. Guntun fata ne, irin na maɗaurin agogon hannu, har da ramin allurar ɗinki a gefensa.

Tana cire shi harshen ya yi tsalle ya fito, ƙas! kamar wanda aka tasa daga dogon barci.

"'Ya'yan Yaya," in ji Auta, tana girgiza kai. Wancan zuwan da suka yi sai da suka cusa wa famfo alli. Ta jefa guntun fatar a aljihun rigarta, ta mayar da komai mazauninsa, ta ɗaure notoci tamau. Ta leƙa ɗakin. Umma na kwance ta ba ƙofa baya, ɗankwalinta a karkace, numfashinta na tafiya a hankali. Auta ta tura ƙofar. Harshen ya faɗa raminsa da wata 'yar ƙara mai daɗi, ƙofar ta tsaya cak. Ta jira ta ga ko za ta sake tunani. Ba ta motsa ba.

Ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi, zuciyarta fes. Tana tsaye tana kallon tururi, tunaninta ya tafi yawo yadda ya saba. Ta ga kanta ta tsufa a wani gida mai agoguna, wani mutum da har yanzu ba ta san fuskarsa ba yana tambayar ta ƙarfe nawa, alhali agogo na ɗaure a hannunsa. Ta yi ta ƙoƙarin sa masa fuska, fuskar na narkewa cikin tururin. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba.

Wata ƙara ce ta dawo da ita. Dum. Shiru. Dum. Ba bugun hannu ba ne, ya fi kama da wanda ke tura katako da kafaɗa.

Ta leƙo daga ƙofar kicin, ta buɗe baki za ta ce Umma danna mariƙin, na gyara, sai maganar ta maƙale. Mariƙin yana motsi. Ya ɗan sunkuya kaɗan, yana rawa, ya koma sama. Ya sake sunkuyawa, bai kai ko rabi ba, ya koma. Bai sake motsi ba. A ƙarƙashin ƙofar Auta na hango inuwar ƙafafu biyu a tsaye. Umma ta san 'yarta na gidan, taku kaɗan tsakaninsu, amma ba ta kira ta ba.

Da muryar ta fito, can ƙasa ta fito, kamar ba a so bango ya ji.

"Mai agogo? Ka dawo?"

Kamar kiran ne ya jawo shi, sai ga sallamar Baba a ƙofar falo, kansa na sheƙi. Ya ji muryar, ya ji kuma daga bayan rufaffiyar ƙofa take fitowa. Fuskarsa ta sauya.

"Ga ni nan, Gimbiya, kada ki matsa wa hannun."

Ya taho da sauri, ya bi hanyar da ƙafarsa ta sani shekara da shekaru. Amma a kan hanyar yanzu akwai ƙaramin teburin da Auta ta matsar da safe. Rana tsaka, tebur a fili, Baba ya yi karo da shi kamar ba ya nan. Ya dafe ƙaurinsa, bai ko yi tsaki ba, ya miƙa hannu gaba yana laluben iska har ya taɓa bango. Ya bi bangon ya kai ƙofar. Tafinsa ya yi ta yawo a jikin katakon, sama, gefe, kafin ya faɗa kan mariƙin ya danna.

Umma ta fito, ta riƙe hannayenta a ƙirji kamar wadda ta tsinci 'yan tsuntsaye biyu. Abu na farko da ta ce shi ne, "Ka bugu? Na ji ƙara. Yarinyar nan ta juya mana falo, ban samu na gaya maka ba."

Auta ta tsaya tana kallon su. Ƙarfe nawa, Gimbiya. Shayin da ake juyawa. Ɗankwali a karkace. Duk abin da ta ɗauka ta adana a ranta a matsayin waƙa, ga shi ya juyo ya nuna mata ɗaya fuskar. Ta sa hannu a aljihu ta fito da guntun fatar, ta taho da shi a tafinta.

"Baba, wannan naka ne?"

Bai kalli tafin ba, fuskarta ya nufa da idanunsa, ya ɗan kauce kaɗan. Umma ce ta duba ta ce, "Fatarka ce, Mai agogo. An kama ɓarawo."

Suka zauna su uku a doguwar kujera. Umma ta ɗora hannayenta a cinyar Auta. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, sun karkace kamar saiwar itace. Hannayen da suka yi wa rabin matan unguwa ɗinki. Auta ta tuna tun zuwanta da safe hannayen nan na cikin mayafi, ita kuma tana ta faman goge-goge ba ta tambaya ba.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima," in ji Umma. "Da safe sun fi tsanani. Cokali ma sai ya ga dama. Wannan mariƙin kuwa ko da gwiwar hannu na danna, kafaɗa ce ke amsawa."

"Wanda ya ƙera shi ɗan kokawa ya yi wa," in ji Baba. "Ran nan na fita sayen madara, iska ta rufe ta a ciki. Na dawo na tarar da ita zaune a bakin gado kamar fursuna, ta ƙi ko buga taga maƙwabta su ji."

"In buga taga a ce me? Matar Mai agogo ƙofa ta fi ƙarfinta?"

"Kai kuma idon, Baba?"

Ya murza hularsa. "Hazo ne ya sauka, Auta. Gefe-gefe ina gani. Tsakiyar ce ta tafi yawo ba ta dawo ba. Fuskarki yanzu kamar wata a bayan gajimare." Ya yi murmushi. "Kin ma fi kyau a haka."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. "Amma kai da ka san kan ƙarfe, me ya sa ka toshe shi kawai? Ba gyara ba ne wannan."

"Wa ya ce miki ban san gyaran ba? Sifirin uku ne a ƙofar nan, naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe masu mayar da abu mazauninsa. Ɗaya a bayan kowane mariƙi, ɗaya a cikin gidan harshe. Ukun ne suka haɗa kai suke yi wa uwarki taurin kai. A cire biyu na mariƙan, na cikin harshen shi kaɗai ya isa ya ɗaga su. Amma akwai wani ɗan zoben ƙarfe da ya riƙe kowanne, siriri kamar farce. Ni ba na ganin sa, ita ba ta iya riƙe shi."

"Mun gwada fa," in ji Umma. "Ni ido, shi hannu. Ina cewa dama yana yin hagu."

"Damarki ko tawa? Ba ki taɓa faɗa ba!"

"Wuni guda muka yi muna faɗa. Rabon da mu yi faɗa mai daɗi irin wannan tun kina zanen goyo. Da muka gaji ya mayar da komai da lalube, ya yanko maɗaurin agogonsa ya cusa."

Agogonsa. Auta ta kalli wuyan hannun Baba, ta ga farin zobe a fatar inda agogo ya zauna tsawon rayuwarta. Ba ta lura babu shi ba.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Umma ta kalli Baba, Baba ya kalli wajen da Umma take. "In kin sani, Yayanki ya sani," in ji Umma. "Ke ba kya iya ɓoye komai, fuskarki allo ce. Shi kuma yaron kirki ne, zai zo ya ɗauke ni don ya kyauta mini."

Auta ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe ta jawo akwatin kayan aiki. "To yanzu ga ido, ga hannu, ga kuma mai surutu. Baba, faɗi."

Ta sake kwance mariƙan, ta kifa su a kan tire a cinyarta. Umma ta matso da kanta har ɗankwalinta na shafar kuncin Auta. Baba ya jingina ya lumshe ido, kamar mai sauraron waƙa daga nesa.

"Kin ga zoben? Yana da 'yan kunnuwa biyu. Sa bakin hantsaki a tsakaninsu ki buɗa. A hankali. Ki rufa ɗaya hannun a kai, yana da son tashi sama."

"Ba nan ba, ƙasa kaɗan," in ji Umma. "Yauwa. Ga shi ya fara buɗewa."

Zoben ya fita da 'yar ƙara, tis.

"Na ji shi," in ji Baba. "Ɗaga farantin da ke ƙarƙashinsa. Sifirin na nan a naɗe kamar macijin da ya ƙoshi. Zare shi. Ki mayar da farantin da zoben yadda kika same su."

Haka suka yi wa na biyun. Baba ya sa ta ɗiga man keken ɗinkin Umma a gidan harshen, ɗigo ɗaya tak, ya ce mai da yawa ƙura yake gayyata. Ya karɓi bututun ya danna harshen da babban yatsa kusa da kunnensa, ya saki, ya danna, ya saki. Hasken yamma ya koma ruwan zuma a bangon falo, agogunan bango na ta bugawa, Auta ta ji kamar shagon nan na da ne ya taso ya zo ya same su, ita ce dai yarinyar da ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

"Notocin kada ki ɗaure su tamau kamar ɗazu," in ji shi. "In kin matse su sandan tsakiya ba ya sakewa. Ki ɗaure har su tsaya, ki ɗan sassauta."

Da ta gama, mariƙin ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan, kamar mai jin kunya, amma yana komawa. Auta ta tura ƙofar ta rufe. Ƙas.

"Bismillah, Gimbiya," in ji Baba.

Umma ta tashi ta tsaya a gaban ƙofar. Ta ɗora gefen wuyan hannunta a kan mariƙin, ta ɗan saki nauyinsa kawai. Mariƙin ya sauka kamar an roƙe shi. Ta saƙala hannun ta jawo, ƙofar ta biyo ta. Ta shiga, ta rufe kanta a ciki. Suka ji shiru. Ƙofar ta buɗe, ta leƙo, ta sake rufewa. Ta buɗe.

"Mai agogo, daga yau in ka ɓata mini rai, rufe ƙofata zan yi. Na daɗe ban yi fushi mai ƙofa ba."

"Kin gani ko, Auta? Kin ba ta makami."

Suna cikin dariyar aka yi hon a waje.

Kafin Yaya ya shigo Auta ta mayar da ƙaramin teburin da kujerun inda suke tun asali. Ya yi sallama da ledoji a hannu biyu, ya durƙusa ya gai da iyayensa, ya dungure wa Auta kai. Sannan idonsa ya fara zagaye, silin, labule, fitila. Ya tashi kamar mai miƙe ƙafa, ya taɓa ƙofar ɗakin Umma, ya buɗe ya rufe.

"Gida ya yi kyau," ya ce. "Auta, aikinki ne wannan, na san hannunki."

Ta kawo shayi. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, Umma ta yi tari ta ce a cikin tarin, "Dama kaɗan." Ya ɗauka daidai, ya juya mata sukari, ya miƙa mata. Da a nan aka tsaya da sun tsira. Amma Umma, don ta nuna wa ɗanta lafiyarta ƙalau, ta fito da hannu daga mayafi ta karɓi kofin da kanta. Kofin ya yi ta kaɗawa a kan faranti, shayin ya zuba a zanenta.

Yaya ya ajiye nasa kofin. Ya matso ya karɓe nata, ya riƙe yatsunta a tafinsa ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Haba Umma. Haka kike zaune, ni ina can ina cin abinci da hannu biyu?" Ya juya. "Auta, haɗa mata kaya. Yau za mu tafi. Gobe likita zai gan ta."

Babu wanda ya motsa. Baba ya sunkuyar da kai yana shafa farin zoben da ke wuyan hannunsa. Auta ta kalli ƙofar da suka gyara, tana tsaye a rufe abinta. Ta tuna ɗakinta na saman bene, tagar nan da rufin gidaje ke yin ja a cikinta da yamma, littattafan da ta jera a ƙasa, shirun da ba mai katse mata. Ta ji zafin rabuwa da shi tun kafin ta furta komai. Sannan ta tuna tafin Baba yana yawo a jikin katako.

"Baba," ta ce a hankali, "in faɗa, ko za ka faɗa?"

Baba ya ɗago kai. "Faɗi, Auta. Bakinki ya fi nawa sauri."

"Yaya, tambayi Baba ƙarfe nawa."

Yaya ya dube ta, ya dubi babban agogon da ke bango, ƙato, gaba da gaba da kujerar Baba. "Baba, ƙarfe nawa?"

Baba ya ɗaga fuska wajen agogon da shi ya rataye shi da hannunsa. Agogon na ta bugawa. "Gimbiya," ya ce, "yaron nan na tambaya."

Yaya ya zauna a ƙasa, a nan inda yake.

"In ka ɗauke ta, da idonsa ka tafi," in ji Auta. "Ita kuma a gidanka za a ba ta abinci a baki, a ɗaura mata ɗankwali a miƙe, ta zama baƙuwa. Likita kam za su gani, su biyun, kai za ka kai su da motarka. Amma a nan za su kwana."

"Wa zai zauna da su? Wannan ba ya gani, wannan ba ta riƙewa. Yau ƙofa ce, gobe wuta ce a kicin. Ki yi magana da hankali, Auta, ba littafi muke karantawa ba."

"Ke da ɗakinki mai taga," in ji Umma da sauri, don ta riga ta karanta allon fuskar Auta. "Kada ki soma. Ba mu haife ki don ki zama sandarmu ba."

"Shagon ba gudu zai yi ba, Umma, mota na zuwa har ƙofarsa. Taga kuma akwai ta a tsohon ɗakina, in an kwashe buhunan tsummokaranki." Ta sa hannu a aljihu ta ji guntun fatar, ta damƙe shi. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda har agogunan za su ji. "Ba kayan Umma za a haɗa ba, Yaya, nawa ne. Gobe da safe ka zo da motar mu kwaso littattafaina. Na dawo gida."